Charles M. Russell: Makiyayin da Ya Zama Mai Zane, da Tarihin Cinikin Zane-zanensa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga gidan silima ya kalli fim ɗin kaboyi, ya san kamannin yammacin ƙasar Amurka na ƙarni na 19: fili fetal iya ganin mutum, da garken shanu, da mahaya masu malafa da igiyar zarge, da kuma 'yan asalin ƙasar waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. To, masu zane suna cikin waɗanda suka fara tsara wa duniya wannan siffa tun kafin fina-finan su bunƙasa, kuma mutum biyu ne suka yi fice a cikinsu, watau Frederic Remington da Charles Marion Russell.

Wannan maƙala za ta bi diddigin rayuwar na biyun, watau Russell, tun daga haihuwarsa har zuwa mutuwarsa, sa'an nan ta duba yadda zane-zanensa suka riƙa sauya hannu. Dalilin zaɓensa shi ne, da wuya a sami wani mai fasaha wanda tarihin kuɗin aikinsa ya fito fili kamar nasa. Ya fara da ba da zane kyauta ko kuwa musaya da abin sha, ya kai ga sayar da guda ɗaya dala 10,000 yana raye, bayan mutuwarsa kuwa aka sayi guda ɗaya fiye da dala miliyan 5. Za mu yi ƙoƙarin gano abin da ya kawo wannan canji, da waɗanda suka ci ribarsa, da kuma abin da mutanen jiharsa suka samu ko suka rasa a ciki.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Charles Marion Russell ranar 19 ga Maris, 1864, a birnin St. Louis na jihar Misuri, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Gidansu gidan masu hali ne, domin kuwa danginsa suna da kamfanin haƙar gawayin kwal da yin tubalin da ke jure wuta. Ta wajen kakarsa mace kuma yana da dangantaka da 'yan gidan Bent, fatake waɗanda suka yi suna wajen cinikin fatu da Indiyawa a yamma. A wancan zamani St. Louis ita ce ƙofar yamma. Daga nan jiragen ruwa suke tashi su bi kogin Misuri, nan kuma mafarauta da fatake suke komowa da labarai. A cikin irin waɗannan labarai yaron ya buɗe ido.

Karatun boko bai karɓe shi ba. Maimakon ya mai da hankali ga darasi, sai ya cika gefen littattafansa da zanen dawaki da mahaya, yana kuma yawo da ɗan curin kaki a aljihu yana murza shi ya fitar da siffar dabbobi. Iyayensa sun kai shi wata makarantar horon soja a jihar New Jersey ko ya natsu, amma bai daɗe ba ya dawo gida. Da dabara ta ƙare musu, sai suka yanke shawarar su bar shi ya je yamman da yake ta bege, da zaton wahalar daji za ta koro shi gida cikin 'yan watanni. A watan Maris na 1880, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 16, ya bi wani sanin gidansu mai suna Pike Miller zuwa Montana. Zaton iyayen bai tabbata ba, gama Montana ta zama gidansa har ƙarshen ransa.

3.0 Shekarun Kiwo

A lokacin da ya isa, Montana ba ta ma zama jiha ba tukuna, sai a 1889. Aikin farko da aka ba shi shi ne kiwon tumakin Miller a kwarin Judith, aikin da bai iya ba kuma bai so ba, har suka rabu baram-baram. Yana cikin gararamba ne wani maharbi mai suna Jake Hoover ya tsince shi ya riƙe shi wajen shekara biyu. A hannun Hoover ya koyi halayen namun daji, ya kuma ga ƙirar jikinsu da idonsa a wajen fiɗa, ilmin da ya amfane shi ƙwarai daga baya.

A 1882 ya sami aiki a cikin ayarin makiyayan shanu, aka sa shi gadin dawaki da dare, daga baya kuma gadin shanun kansu. Ya yi shekara 11 yana wannan aiki. Shi da kansa bai taɓa ɗaukar kansa gwanin hawa ko gwanin jefa igiya ba, amma aikin dare ya ba shi abin da ya fi bukata, watau sararin yini, inda yakan zauna ya kalli abokansa suna aiki yana zana su. Kayan zanensa kuwa 'yan launukan ruwa ne da buroshi da yake ƙunshewa a cikin safa.

Ya kamata mai karatu ya lura da lokacin da Russell ya iso. Ya tarar da ragowar manyan garkunan ɓauna, amma kafin 1883 maharba masu neman fata sun kusa ƙarar da su. Ƙarewar ɓauna ta jefa ƙabilun da suka dogara da ita cikin yunwa, musamman ƙabilar Blackfeet a hunturun 1883 zuwa 1884, aka kuma takure su a keɓaɓɓun yankuna. Bayan haka hanyar jirgin ƙasa ta shigo, manoma suka biyo ta da garma da waya mai ƙaya, suka shinge filayen kiwo. Ke nan Russell ya ga wutsiyar wani zamani ne, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana zana abin da ya gani da abin da dattawa suka ba shi labari. A 1888 ya yi wasu watanni a lardin Alberta na Kanada kusa da ƙabilun yankin, abin da ya ƙara masa sanin tufafinsu da al'adunsu da maganar hannu da suke yi.

4.0 Zanen da Ya Fito da Sunansa

Shekarar 1886 ta zo da fari, ciyawa ta yi ƙaranci, shanu kuma sun yi wa filayen yawa. Sai ga hunturu mai tsananin da ba a saba gani ba. Dusar ƙanƙara ta rufe ɗan abin da ya rage na ciyawa, ta daskare a kai, shanu suka yi ta mutuwa dubu-dubu. Russell yana zaune a wani gandun kiwo a kwarin Judith, sai wasiƙa ta zo daga masu shanu da ke birnin Helena suna tambayar halin da dukiyarsu take ciki. Yayin da mai kula da shanun yake neman kalmomin da zai ba da amsa, Russell ya ɗauki ɗan guntun kwali wanda bai wuce tafin hannu ba, ya zana wani sa ƙashi da rai tsaye cikin ƙanƙara, kyarketai suna kewaye da shi suna jiran ya faɗi. Ya ba zanen suna mai nufin jiran Cinuk, watau wata iska mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsu ta narkar da ƙanƙara.

Aka aika da wannan ɗan zane a matsayin amsa. Da ya isa Helena sai ya riƙa yawo hannu-hannu, aka kafa shi a tagar wani kanti, daga baya aka buga shi a katuna aka baza ko'ina. Bai kawo wa Russell kuɗin kirki ba, amma ya sa an san akwai wani makiyayi mai zane a Montana. A 1888 mujallar Harper's Weekly ta buga wani zanensa, a 1890 kuma aka fitar da ɗan kundin zane-zanensa na farko.

Duk da haka, kasuwarsa a waɗannan shekaru ba ta wuce mashaya ba. A garuruwan makiyaya mashaya ita ce dandali, ita ce kuma wurin da ake rataya hotuna. Russell mutum ne mai son hira da ba da labari, mai sakin hannu; in aboki ya yaba zane sai ya miƙa masa, in bashi ya taru a kanti ko a mashaya sai ya biya da zane, in kuwa ya sayar to 'yan daloli ne, su ma a ranar za a kashe su tare da abokai. Ta haka masu mashaya irin su Sid Willis mai gidan Mint a garin Great Falls suka tara ayyukansa masu yawa. A 1893 ya bar kiwo ya koma zane ɗungurungum, amma hannu baka hannu ƙwarya yake yi.

5.0 Aurensa da Sauyin Ciniki

A 1895, a ƙauyen Cascade, ya haɗu da wata yarinya mai suna Nancy Cooper, 'yar asalin jihar Kentucky, wadda mahaifiyarta ta mutu ta bar ta tana aikatau a gidan wani abokinsa. Suka yi aure a watan Satumba na 1896, yana da shekara 32, ita kuwa 18. A 1897 suka koma Great Falls. Nancy ta ɗanɗana talauci tun tana ƙarama, saboda haka ta san darajar kuɗi fiye da mijinta wanda ya tashi cikin wadata ya kuma raina ta.

Wani mai kantin kayan zane a garin Butte, Charles Schatzlein, wanda yake sayar da ayyukan Russell, shi ne ya ja hankalinta ga cewa mijinta yana karyar da kayansa, ya kuma ba ta shawarar ta karɓi ragamar cinikin. Ta karɓa, ba ta kuwa sake ta ba har ta mutu. Za a iya kasa matakan da ta ɗauka gida huɗu. Na farko, ta tsara masa lokacin aiki, ta taƙaita zuwansa mashaya, har daga baya ya bar sha. A 1903 aka gina masa ɗakin zane na gungumen itace a gefen gidansu, inda ya tara sirada da makamai da tufafin Indiyawa yana duba su in yana aiki. Na biyu, ta hana kyautar manyan zane-zane, ta kuma sa duk ciniki ya bi ta hannunta. Na uku, ta raba sayar da zane da sayar da izinin buga shi, watau mai saye ya tafi da zanensa, amma kamfanin kalanda ko mujalla da ke son buga hoton sai ya biya daban. Wannan ya ba su riba biyu, domin kalandun sun kai sunan Russell gidajen da ba za su taɓa iya sayen zane ba. Na huɗu, in ta yanka kuɗi ba ta ragi, ko da kuwa za a koma gida da kayan.

Tsofaffin abokansa ba su ji daɗin wannan sauyi ba; suna ganin ta raba su da abokinsu, ta kuma cika son kuɗi. Shi kansa Russell kuɗin da take yankawa sukan ba shi kunya, yakan yi ba'a cewa irin wannan farashi sai aikin mai zanen da ya riga ya mutu. Amma kuma bai ɓoye ba cewa ba don ita ba da bai kai inda ya kai ba.

6.0 Kasuwar Manyan Birane

Nancy ta gane cewa masu kuɗin sayen zane ba a Montana suke ba. A ƙarshen 1903 suka kama hanyar Niyok, suka riƙa komawa a kai a kai. Russell bai son birnin ko kaɗan, yana yawo cikinsa da takalman makiyaya da jar ɗamararsa, amma zama da ƙwararrun masu zanen mujallu ya gyara masa hannu, musamman wajen haɗa launi da tsara hoto. Bayan mutuwar Remington a watan Disamba na 1909, sai fage ya zama nasa.

A 1911 aka yi baje kolin ayyukansa shi kaɗai a gidan nuna zane na Folsom a Niyok, a ƙarƙashin take mai nufin yamman da ta shuɗe. A 1912 ya kammala babban zanen da gwamnatin Montana ta ba shi kwangila a kan dala 5,000, mai tsayin ƙafa 12 da faɗin ƙafa 25, wanda sai da aka ɗaga rufin ɗakin zanensa kafin ya shiga. Zanen yana nuna haɗuwar matafiyan nan Lewis da Clark da ƙabilar Salish a 1805, an kuma kafa shi a zauren majalisar wakilai a Helena. Abin lura a nan shi ne yadda ya cika tsakiyar hoton da mahayan Salish, ya tura Turawan biyu can gefe 'yan ƙanana. A 1914 aka kai ayyukansa Landan aka nuna su a gidan Doré.

Daga wajen 1920 suka fara yin hunturu a Kalifoniya, inda Nancy ta sami sababbin masu saye: attajiran man fetur da taurarin fim irin su William S. Hart da Will Rogers. A 1921 ta sayar da zane ɗaya dala 10,000. Domin a gane girman wannan kuɗi, sai a tuna cewa albashin makiyayi a zamanin da Russell yake kiwo wajen dala 40 ne a wata, watau zane ɗaya ya kai ladan kiwon fiye da shekara 20. A ƙarshen rayuwarsa kuma attajirin mai Edward Doheny ya ba shi aikin dala 30,000.

Akwai abin mamaki a cikin wannan ciniki. Russell yana ƙin garma da waya da mota da duk abin da ake kira ci gaba, yana kuma ganin an zalunci Indiyawa. Har ya sa baki tare da abokinsa Frank Linderman wajen nema wa wasu 'yan ƙabilun Chippewa da Cree marasa matsuguni yankin Rocky Boy, wanda aka ba su a 1916. Amma waɗanda suka fi iya sayen zanensa su ne masu banki da masu rijiyoyin mai, watau mutanen da harkokinsu suka kawar da wancan zamani da yake begen.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Russell da Nancy ba su haihu ba, sai a 1916 suka ɗauki wani yaro riƙo suka sa masa suna Jack. Ban da zane, Russell ya ƙera siffofi da kaki waɗanda aka zuba da tagulla, ya kuma rubuta gajerun labarai da bakin makiyaya, waɗanda aka fara tarawa a littafi a 1921. Wasiƙunsa ma abin nema ne, gama yakan ƙawata su da ƙananan zane. A 1925 Jami'ar Montana ta ba shi digirin girmamawa, shi da bai gama ko makarantar sakandare ba.

Ciwon maƙoƙo ya daɗe yana damunsa, yana ta jan ƙafa wajen yarda a yi masa aiki. Sa'ad da aka yi aikin a asibitin Mayo a 1926, ciwon ya riga ya raunana zuciyarsa. Ya mutu a gidansa a Great Falls ranar 24 ga Oktoba, 1926, yana da shekara 62. Ranar jana'izarsa aka rufe makarantun garin, aka kuma nemo tsohon keken gawa da dawaki ke ja, domin ya nuna ba ya son a kai shi kabari a mota. An ƙiyasta ya bar ayyuka wajen 4,000.

Nancy ta koma Pasadena a Kalifoniya, ta ci gaba da tallata sunansa. Ta fitar da littafin labaransa a 1927 da na wasiƙunsa a 1929, ɗakin zanensa kuma ya koma hannun hukumar garin Great Falls aka buɗe shi ga jama'a a 1930. Ta mutu a 1940.

8.0 Masu Tara Zane Bayan Mutuwarsa

Mutuwar mai zane takan tsayar da yawan ayyukansa, saboda haka abin da ya rage shi ne wa zai mallake su. Manyan masu tarawa na farko mutane ne masu alaƙa da Montana amma mazauna gabas, irin su Malcolm Mackay, dillalin hannun jari a Niyok, da Dokta Philip Cole. Bayansu sai attajiran kudu maso yamma suka shigo. Amon Carter, mai jaridar Star-Telegram ta birnin Fort Worth a Teksas, ya fara saye a 1935, abokinsa Sid Richardson mai rijiyoyin mai shi ma ya bi sahu, suka riƙa tsere a tsakaninsu, dillalan Niyok suna cin la'ada. Thomas Gilcrease na Oklahoma, wanda shi kansa ɗan ƙabilar Creek ne da ya yi arziki da mai, ya saye tarin Dokta Cole gaba ɗaya a cikin shekarun 1940.

Shekarar 1952 ita ce ta fi muhimmanci a wannan tarihi. Tarin mashayar Mint, wanda mutanen Great Falls suka saba gani kyauta shekara da shekaru, ya shiga kasuwa. An kafa gidauniya domin a saye shi ya zauna a Montana, amma abin da aka tara bai ko kusa kai kuɗin da ake nema ba, sai Amon Carter ya saye shi aka kwashe zuwa Teksas. Wannan rashi ya farkar da mutanen jihar, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin shekarar nan suka tara dala 50,000 suka karɓi tarin Mackay daga hannun matarsa, wadda ta sallama shi ƙasa da darajarsa domin ya koma gida; yana hannun Ƙungiyar Tarihi ta Montana a Helena. Haka kuma Josephine Trigg, maƙwabciyar su Russell kuma ma'aikaciyar laburare, ta bar wasiyyar abin da gidansu ya tara na kyaututtukansa, aka buɗe gidan ajiye su a 1953, wanda ya zama gidan tarihi na C. M. Russell. A 1977 ma, da ƙungiyar Montana Club ta so sayar da zanen garken ɓauna da ya yi mata a 1914, gwamnatin jihar ta biya dala 450,000 don kada ya fita.

A ɗaya ɓangaren kuma, ba za a ce abin da ya tafi kudu ya ɓace ba. Gilcrease ya miƙa tarinsa ga birnin Tulsa a 1955, bayan mutanen birnin sun amince da cin bashin dala miliyan 2.25 don biyan basussukansa. An buɗe gidan tarihi na Amon Carter a 1961, na Sid Richardson kuma a 1982. Ta haka mafi kyawun ayyukan Russell suka fita daga kasuwa suka shiga hannun jama'a, abin da ya sa kaɗan ɗin da suka rage a hannun mutane suka ƙara tsada. A 1959 jihar Montana ta kafa mutum-mutuminsa a ginin majalisar dokokin Amurka a Washinton a matsayin ɗaya daga cikin wakilanta.

9.0 Gwanjo da Matsalar Jabu

A 1969 aka fara wani gwanjon shekara-shekara a Great Falls, a watan haihuwarsa, domin tallafa wa gidan tarihinsa. Wasu gidajen gwanjo ma suka ƙware a kan zanen yamma. A 2005 gidan gwanjon Coeur d'Alene ya sayar a birnin Reno da wani zanensa na 1918, mai nuna mahayan ƙabilar Piegan, a kan dala miliyan 5.6. A 2008 kuma aka sayi wani na 1899, mai nuna 'yan fashi sun tare keken fasinja, a kan dala miliyan 5.2.

Abubuwan da masu saye suke dubawa sanannu ne. Zanen fentin mai ya fi na launin ruwa tsada. Aikin shekarun ƙwarewarsa ya fi na farkon rayuwarsa. Ana kuma duba lafiyar zanen, da jerin hannayen da ya bi tun daga ɗakin mai shi. A wajen tagulla kuwa, wadda aka zuba yana raye ta fi wadda aka zuba bayan mutuwarsa daraja nesa ba kusa ba. Sama da duka akwai tabbacin cewa aikin nasa ne. Russell yakan sa hannu tare da ɗan zanen ƙoƙon kan ɓauna, alamar da ba ta da wuyar kwaikwayo, kuma inda kuɗi suka yi yawa ba a rasa 'yan damfara.

Wata shari'a ta nuna nauyin wannan matsala. Olaf Seltzer, haifaffen ƙasar Denmak kuma ma'aikacin reluwe, abokin Russell ne wanda salonsu ya yi kama. Wani mai tara zane ya so ya sayar da hoto mai ɗauke da sa hannun Russell, sai jikan Seltzer, wanda masani ne a kan aikin kakansa, ya ce hoton na kakansa ne. Wannan magana ta zubar da mafi yawan kuɗin hoton, mai shi ya kai ƙara a 2002 yana neman a tilasta masa ya janye. Da masana da dama suka goyi bayan jikan, sai aka janye ƙarar, shi kuma ya shigar da tasa a kan an yi amfani da kotu don a tsorata shi. Ya yi nasara a 2005, kotun ƙoli ta Montana kuma ta tsayar da diyyarsa a kan wajen dala miliyan 11 a 2007. Hoton dai bai canza ba, launinsa da dawakinsa suna nan yadda suke; sunan da ke ƙasansa ne kaɗai aka yi jayayya a kai. A shekarar 2007 ɗin ne kuma aka wallafa babban kundin da ya jera ayyukan Russell da aka tantance, wanda ya zama madogara ga masu saye da masu sayarwa.

10.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa darajar ayyukan Russell ta bi matakai uku. A mataki na farko zane abin sada zumunci ne da biyan bashi, masu mashaya da maƙwabta suka tara shi ba da niyyar riba ba. A mataki na biyu Nancy ta mai da shi haja, ta nemo masa kasuwa, ta tsare farashinsa har tsawon shekara 44. A mataki na uku attajirai da gidajen tarihi da gidajen gwanjo suka karɓa, inda ƙarancin kayan da ingancin suna suka zama ma'auni.

Baiwar tasa ce, amma da an bar shi da halinsa na kyauta, da mafi yawan ayyukansa sun ƙare a bangon mashaya hayaƙi yana cin su. Haka nan da mutanen Montana ba su yi hasarar tarin Mint ba, mai yiwuwa da ba su yi hanzarin riƙe na Mackay ba. Ɗan zanen san nan na hunturun 1886 zuwa 1887, wanda aka yi a kan guntun kwali don amsa wasiƙa, ya zama mallakar ƙungiyar masu kiwon shanu ta Montana, jikokin mutanen da aka zana shi dominsu.